Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni batun inshorar maigidanta

Assalamu alaikum Hajiya,

A taron 'yan'uwa na Bronx, a birnin New York na Amurka, kin tambaye ni a gaban jama'a cewa wurin aikin Alhaji zai sauya kamfanin inshorar lafiya a watan Janairu, shi kuwa ya daɗe yana fama da ciwon suga, ko sabon kamfanin zai iya cewa ba ruwansa da ciwon da ya tarar? Lokacin salla ya matse, amsar a tsaitsaye na ba ki. Ga ta a tsanake.

Ba zai iya ba. Tsoron naki dai yana da asali, domin a da ana yi. Dokar 1996 ta bar wa kamfani damar ƙin biyan kuɗin tsohon ciwo har wata 12, sai dai a rage wa mutum watannin da ya yi da inshorarsa ta baya, muddin bai zauna kwana 63 babu inshora ba. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta rufe wannan ƙofar ga kowa tun daga 2014. Yanzu inshorar wurin aiki ba ta isa ta ware suga, hawan jini ko juna biyu ta ce a jira ba.

Inda nake so ki sa ido daban ne. Kamfanin ba zai ƙi Alhaji ba, amma likitan da ya san shi shekara da shekaru yana iya kasancewa ba ya cikin likitocinsu. Haka maganin. Sai mutum ya je kantin magani ranar 3 ga Janairu karɓar insulin ɗinsa, mai magani ta duba kwamfuta ta ce wannan samfurin sai likita ya nemo izinin kamfani tukuna, ga shi abin da ya rage a firji bai wuce na kwana biyu ba. A nan ake shan wuya, kuma duk bisa doka ne. Don haka tun a Disamba Alhaji ya je ofishin kula da ma'aikata ya karɓi takardar bayanin sabon tsarin, ya duba sunan likitansa da kowane magani ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sake karɓar maganinsa kafin tsohon katin ya daina aiki.

Wanda ke tsakiyar jinya mai tsanani, ko mai ciki, ko wanda aka sa wa ranar tiyatar da ta zama dole, akwai dokar da ta fara aiki a 2022 da za ta iya ba shi har kwana 90 wurin tsohon likitansa. Kada a zauna jira, a tambaya a rubuce. Idan kuma aka ƙi biyan wani abu, kuna da kwana 180 na ɗaukaka ƙara a wurin kamfanin inshorar.

Abu ɗaya da masu aiki ke mantawa: inshorar da ke biyan albashi idan ciwo ya kwantar da mutum ba ta ƙarƙashin wannan kariyar, tana iya ware tsohon ciwo. In ita ma za a sauya ta, Alhaji ya tambaya ko za a lissafa masa shekarunsa na baya.

A gaida Alhaji da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Wassalam.