Zuwa ga masu kawo mana gyara: dalilin daɗewar motocinku a hannunmu

Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu da sauran abokan hulɗa.

Maganganu sun iso kunnenmu. Ana cewa idan mota ta ƙi tashi aka jawo ta garejinmu, sai ta yi kwana da kwanaki ba labari. Ana kuma cewa zamani ya wuce mu, tunda ba mu da kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Wannan ta biyun ta yi mana zafi, ba za mu ɓoye muku ba.

Yawancin abin da kuke kawo mana tsofaffin motocin shiga daji ne: Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, da Patrol mai TD42, da Defender mai 300Tdi. Famfon mai ne ke tafiyar da waɗannan injina, babu ƙwaƙwalwar da kwamfuta za ta tambaya. Ramin jona na'urar ma, wato OBD-II, sai a 1996 aka wajabta shi a Amurka. Kunne da hannu da mita su ne kayan aikin.

Da batir muke farawa. Mai cikakken caji kan nuna volt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke juya inji. Wasu Land Cruiser na dizal batir biyu gare su masu ba da volt 24, ɗaya ya raunana sai ya ja ɗan'uwansa. Idan aka murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, da yawa sai su ce kik ya mutu. Sau tari ba shi ba ne. Ka kwance wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ka tarar da busasshen laka da koren tsatsa a ƙarƙashin noti, abin da ratsa ruwa ya bari. Idan kuwa inji na juyawa amma bai kama ba, sai mu koma kan mai: ko iska ta shiga layi, ko ruwa ya taru a filta, ko solinoyid ɗin da ke buɗe wa famfo mai bai yi ƙararsa ba. Mukan sassauta bututun nozul mu ga ko mai zai tofo. Bayan nan sai hita fulogi, wato masu ɗumama cikin injin dizal kafin ya tashi, ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan ba ya cin lokaci mai yawa. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan gyara. Dilan da muka daɗe muna saye a wurinsa ya sauya inda yake sarowa, bai sanar da mu ba. Kwalin iri ɗaya, tambarin iri ɗaya, abin da ke ciki jabu. Hita fulogi ya ƙone tun a gwaji, solinoyid ya ƙi motsi yana sabo fil. Mun mayar, ya ce laifin masu aiko masa ne, su kuma wai kaya sun yi wuya. Gaskiya ne kayan tsofaffin motoci na ƙara wuya, tsohuwar Defender ma tun 2016 aka daina ƙera ta, amma ai sai a faɗa mana. Sabon abu mara kyau ya fi tsoho ɓatar da bakanike, domin da zarar ka ɗaura shi ka cire shi daga zargi, ka tafi neman matsala inda babu ita. Shi ya sa yanzu komai sai mun gwada kafin ya hau motarku.

Muna kan magana da wasu dilolin, akwai kuma gyare-gyaren da muke yi a cikin gida. In Allah ya yarda za ku ga sauyi.

Alhajin da ya fara kawo mana motarsa tun mahaifinmu na riƙe da sifana, yau kuma ɗansa ke kawo ta, Allah ya saka da alheri. Haka direbobin da ke kiranmu daga tsakiyar daji mu yi gyara ta waya, da Hajiyar da ba ta taɓa tambayarmu dalilin jinkiri ba. Ba mu manta ba, kuma ba ma son mu rasa ko mutum ɗaya a cikinku.

Roƙonmu, idan ta ƙi tashi kada a yi ta matsa wa kik har ya yi zafi, kada kuma a zuba fetur a bakin iskar injin dizal. A kira mu, a faɗa mana irin ƙarar da aka ji.

Naku,
Mai gareji da yaransa