Wasiƙa zuwa ga Sani kan maganar shasi

Assalamu alaikum Sani mutumina, ya Ingila, ya sanyi, ya madam da yara? Nan Kaduna kowa lafiya alhamdulillah, Umma tana gaishe ka, tace wai ka manta da ita tun ƙaramar sallah.

Hotunan motar Caterham ɗin nan da ka turo min a WhatsApp wallahi sun hana ni barci, na buɗe su yafi sau ashirin, musamman wanda aka cire bonet ana ganin bututun ƙarfen a fili. Ka tambaye ni ina aka kwana da maganar motar da nake son haɗawa, na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake, don voice note ba zai ɗauke ba. Wata huɗu kenan ban sayi ko noti ɗaya ba, duk akan abu ɗaya nake ta juyi, wato shasi, don shi ne ƙashin bayan motar, in ka kuskure shi duk abin da ka ɗora a kai asara ne.

Da farko raina akan Bitil yake, wato Volkswagen Beetle. Kasan a 1975 aka fara haɗa Volkswagen a Legas, har yanzu akwai ragowarsu a gareji-gareji, kuma abin daɗin ta shine bodin kwancewa yake da noti, ka ɗage shi gefe ya bar maka falon ƙasa da inji da giyabos da tayoyi huɗu a tsaye, sai ka ɗora abin da kake so. Haka Bruce Meyers yayi suna a Amurka da motocin rairayin nan nasa. To na samu wata a wajen Panteka, an jingine ta ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta shekara da shekaru, mai ita yana ta rantsuwa ƙasanta garau yake. Na ɗaga kujerar baya inda batir yake zama, na sa sukundireba na ɗan danna, wallahi sai ji nayi ta shige kamar cikin biredi, tsatsa tana zubowa ƙasa ja-ja. Ruwan batir ya cinye wajen tas. Ko da ace lafiya take ma, injin nan a can ƙarshen baya yake, nauyi duk ya taru a gindi, kuma ni ba irin tuƙin da nake nema kenan ba. Na haƙura da ita amma raina bai so ba, don ita ce hanya mafi sauƙi, ga lambar shasi a jikinta wadda zata sauƙaƙa maganar rajista.

Shasin Hilux kuwa ban ɓata lokaci akai ba duk da kowa a gareji shi yake nuna min. Ƙarfe biyu dogaye da 'yan gicciye kamar tsani, ƙarfin ɗaukar buhu akwai, amma yayi nauyi yayi tsayi, kuma murɗewa yake. Wannan na kaya ne.

Wani bakanike kuma yace in samu Fijo 504 in yanke rufin kawai in gajarta ta. Nan ne na tsaya nayi masa bayani, ita salun ɗin 504 ai bata da shasi daban, jikin nata gaba ɗaya shine shasin, rufi da ginshiƙan ƙofa duk suna riƙe da juna, ka yanke sama ka kashe ƙarfinta, ranar da ka hau tudu da taya ɗaya ƙofa ma ba zata rufu ba.

To abin da na tsaya akai yanzu shine in yi waldar nawa daga farko, irin na Lotus Seven, wanda Colin Chapman ya fitar a 1957, kamfanin Caterham kuma suka sayi haƙƙin ci gaba da yin ta a 1973, wato kakar wadda ka ɗauka a hoto kenan. Keji ne na siraran bututun ƙarfe, kowane kwana an ɗaure shi da wani a karkace har komai ya zama kusurwa uku uku. Kasan abin da ya gamsar da ni? Ka tuna motar kara da muke yi muna yara lokacin kaka? Karan dawa na samo na fere, na haɗa ɗan akwati mai kusurwa huɗu da tsinke, na kama gefe da gefe na murɗa, nan take ya karkace. Na sake soka tsinken tsintsiya a gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan a kowace fuska, na sake murɗawa da ƙarfi, Sani abin ƙi yayi, sai da karan ya fara tsagewa bai motsa ba. Na jima zaune a tsakar gida ina kallon sa. Kaga ba kaurin ƙarfe ne ke kawo ƙarfi ba, tsarin ne, shiyasa irin waɗannan motocin basa wuce kilo 500 zuwa 600, ƙaramin inji ma ya ishe su tashi. Kuma dole shasi ya ƙi murɗewa, in ba haka ba shi zai riƙa yin aikin sifirin da shokozoba, ka shiga kwana mota tana maka abin da baka sa ta ba. Har Mercedes 300 SL ta 1954, ƙofofinta da ke buɗewa sama kamar fukafukai ba ado bane, irin wannan kejin ne ya cinye gefen har babu wajen ƙofa ta al'ada.

Bututun da masu haɗa Locost, wato kwaikwayon Seven da ake haɗawa a gida, a can wajenku suke amfani da shi mai kusurwa huɗu ne, inci ɗaya wato milimita 25, kaurin bangonsa wajen milimita 1.6. Anan ne nake da damuwa, don wanda ake sayarwa a kasuwa yawanci na ƙofa da taga ne, ace maka kaza ne ka auna ka ga bai kai ba, yanzu da ma'aunina nake zuwa a aljihu ina auna kowane sanda kafin in biya.

Kuma na riga na sha kashi sau ɗaya. Na sa wani mai walda ya gwada min falon ƙasa kawai, akan siminti yayi, ya kama kusurwa ɗaya ya zuba mata wuta har ya gama sannan ya koma ta gaba, da muka auna gicciye da gicciye bambancin ya kusa santimita 2, zafi ya ja ƙarfen. Raina ya ɓaci sosai ranar, ba don kuɗin ba, don na gaya masa ya ɗiɗɗiga tukuna yaƙi ji. Yanzu tebur zan fara yi, katako mai kauri a miƙe sak, in zana komai akai, in danne bututun da 'yan katakai, a ɗiga walda kaɗan kaɗan ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Sandar walda ta gama-gari kuma huda ƙarfe mai siriri take, so nake in samu mai injin walda na waya da gas da ake kira MIG ko da zan kai aikin Kano.

Inji da giya da aksil na baya dole su fito daga motar da ke ja da baya, saboda haka Golf ta fita, don ita da gaba take ja. Ina kallon 504 fikof saboda kayanta ko'ina akwai, amma injinta a kwance yake gefe guda, kusan rabin kwanciya, kuma hancin Seven siriri ne, dole in faɗaɗa gaban. Marsandi 190 ma tana raina. Duk wanda na zaɓa sai na ajiye shi a ƙasa na auna kafin a yanka bututu ko ɗaya. Tsayi daga ƙasa kuma zan ƙara akan nasu, don da irin kwanciyar da tasu take yi ko tudun rage gudu na bakin layinmu ba zata haye ba.

Alfarma ɗaya nake nema, in ka sake zuwa wajen mai motar nan ka roƙe shi ya baka dama ka ɗauko min hoton inda ƙafar gaba take ɗaure da shasi, kusa sosai, da kuma inda ƙarfen kariya na bayan kujera ya sauka, don wannan shine ran mutum in Allah ya kiyaye mota ta juya. In zai yarda ka auna min faɗin wajen zama da tef ma na gode.

Ka gaida madam, ka shafa min kan yara. Sai naji daga gare ka.

Naka har kullum,
Bashir