Wasiƙa zuwa ga ɗana kan Corolla da Accord

Assalamu alaikum, ɗana.

Na ga saƙonka kan motocin hannu biyu da kake dubawa, Toyota Corolla da Honda Accord, duka samfurin Amurka na 2004. In zirga-zirgar yau da kullum ce a gabanka, ɗauki Corolla.

Injinta mai lita 1.8 ne, ƙarfin doki 130, giya huɗu in otomatik ce, tankinta lita 50. Accord mai silinda huɗu kuwa 2.4 ce, doki 160, giya biyar, tanki lita 65, kuma ta fi nauyi da sama da kilo 200. Nauyin nan a kan titi za ka ji daɗinsa: tana zama daram a kwana, ba ta rawa in babbar mota ta gifta. Corolla ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta na baya, shi ya sa gargada ke isa har kujera, in ka taka totur a hawa kuma sai ta yi ta kuka kafin ta ja. Amma ba ta shan mai, ƙafafunta kuma ba su da tarkacen da zai lalace.

Inda Accord ke cin mutum ƙafar gaba ce. Bol-join na ƙasa, wato mahaɗin da ke riƙe tayar da ƙafar motar, shi ke ɗauke da nauyin motar, in robarsa ta yage giris ya tsiyaye, sai ya cinye, wata rana ya fizge taya ta kwanta ana cikin tafiya. Sa bakanike ya ɗaga ta a jek, ya zura ƙarfe ƙarƙashin tayar ya ɗaga. In akwai wasa ko kaɗan, a canza ɓangarorin biyu. Idan kuma ka buɗe bonet ka ga V6 ce, wato mai silinda shida, ka haƙura da ita. Giyarta ta wannan shekarar ta yi ƙaurin suna, ga bel ɗin taimin da ake canzawa wajen kilomita 160,000, wanda in ya tsinke fistin zai daki bawul. Masu silinda huɗun duka sarƙa gare su a maimakon bel.

Ita Corolla baƙin mai za ka sa wa ido, don ringin fistin na wannan injin kan toshe in an yi sakaci da juye. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar. Tsaya bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ne ke ƙonewa. Kwance murfin mai ka leƙa da tocila, baƙin dasƙararren datti alamar rashin kulawa ce.

Man giya a kowacce ya zama ja, ba ƙauri. Ka tuƙa ta aƙalla minti 20 har ta yi zafi, domin giya mai ciwo a sanyi takan ɓoye halinta. Taka birki, ka sa giyar gaba (D), sannan ta baya (R). In ta yi jinkiri sannan ta buga, mayar wa mai ita makullinsa.

Ka turo min lambar shasi ta kowacce kafin ka biya ko sisi.

Mahaifinka.