Lambar da Ke Jikin Faifai Ba Ita Ce Nisan Jifa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a shafinku na wasiƙu domin in yi bayani a kan wani wasa da mu kaɗan daga cikin Hausawa mazauna Jidda muka runguma, wato jifan faifai. Ƙa'idarsa ta yi kama da ta ƙwallon lambu, sai dai faifan roba ake jefawa zuwa kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, kuma wanda ya kai da mafi ƙarancin adadin jifa shi ne ya ci. A 1975 aka kafa filinsa na dindindin na farko a Kalifoniya ta Amurka ta hannun Ed Headrick, wanda ya kafa ƙungiyar wasan, PDGA, a 1976. Abin da ya sa na rubuto shi ne samarin da ke tambayata faifan cin nisa da za su saya, kowannensu kuwa idonsa yana kan wanda ya fi girman lamba.

Kamfanin Innova ne ya yaɗa al'adar rubuta lambobi huɗu a jikin faifai. Ta farko ita ce gudu, daga 1 zuwa 14, ta biyu shawagi, ta uku yadda faifan ke karkata dama a farkon tafiyarsa, ta huɗu kuma yadda yake komowa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare, duka ga mai jifa da bayan hannun dama. Abin da masu saye ba su lura da shi ba shi ne kamfanin da ya ƙera faifan shi ke ba shi waɗannan lambobi. PDGA tana auna abubuwa ne irin su faɗi da nauyi da baki, ta ce kada faɗin faifai ya gaza santimita 21, kada nauyinsa ya wuce giram 200, kada faɗin bakinsa ya zarce santimita 2.6. Lambar gudu tana bin faɗin bakin nan ne, kuma abin da take nufi shi ne ƙarfin da faifan ke bukata daga hannun mai jifa kafin ya tashi yadda aka ƙera shi.

Da gardama ta yi yawa a tsakaninmu, sai muka ce gani ya kori ji. Mu huɗu muka ɗauki fayafai huɗu na Innova: Valkyrie mai lambar gudu 9, Wraith mai 11, Destroyer mai 12 da Boss mai 13, dukkansu sababbi, na roba iri ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya. Muka sami wani fili shimfiɗaɗɗe a arewacin Jidda, muka riƙa zuwa ranar Juma'a bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi kuma kafin iskar Bahar Maliya ta taso. Mun shimfiɗa igiya a tsakiyar filin, kowa ya jefa kowane faifai sau goma, muna sauya jerinsu domin kada gajiyar hannu ta faɗa a kan faifai guda, sannan muna auna nisan da tef ɗin magina tare da tazarar da faifan ya kauce wa igiyar. Ba mu zubar da jifa ko ɗaya ba, mai kyau ko mummuna, domin wanda ke ƙirga jifansa mafi nisa kaɗai kansa yake ruɗa, a filin wasa kuwa matsakaicin jifansa ne zai bi shi.

Juma'a uku muka yi, sakamakon bai sauya ba. Ga mutum uku a cikinmu, har da ni, Wraith da Valkyrie ne suka fi cin nisa, suka kuma fi sauka kusa da igiya. Boss yana barin hannu da sauri, amma kafin ya yi nisa sai ya kwanta hagu ya dira ƙasa, saboda ba mu ba shi ƙarfin da zai miƙe ba. Ƙaramin cikinmu ne kawai, wanda Allah ya ba saurin hannu, ya iya sa Destroyer ya ɗan karkata dama sannan ya komo, shi kaɗai ya ci moriyarsa. Na san abin da ke jan samari zuwa Boss: da shi David Wiggins ƙarami ya yi jifan mita 338 a Nebada a 2016. Amma wannan gwani ne, a busasshen tafki, iska mai ƙarfi tana tura masa faifan daga baya.

Adalci ne in faɗi inda manyan fayafan suka nuna amfaninsu. Wata rana da la'asar muka jefa muna fuskantar iskar teku, sai Valkyrie ya riƙa kifewa dama ba ya komowa, Destroyer kuwa ya riƙe hanyarsa, domin iskar gaba tana sa faifai ya ji kamar an jefa shi da ƙarfi fiye da na gaskiya. Da muka hau Ɗa'ifa, mai tudun da ya haura mita 1,800, sai kowane faifai ya rage karkata dama ya ƙara saurin komowa hagu saboda rashin kaurin iska, har Wraith ɗin da na saba da shi ya zame mini kamar Destroyer.

Ƙasar nan ma tana da nata tasiri. Tsakuwa tana cin bakin faifai, musamman roba mai araha irin DX, kuma faifan da ya ci ƙasa yana ƙara karkata dama, don haka kwatanta tsoho da sabo ba gwaji ba ne. Na kuma yi asarar faifai guda da na manta a mota da rani, zafi ya lanƙwasa shi, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai ganin daga waje muke odarsu da kuɗin jigila.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi faifai mai lambar gudu 7 zuwa 9, ya aro manyan daga abokansa ya auna su kafin ya fitar da riyal ɗinsa. Muna da niyyar maimaita gwajin idan sanyi ya shigo, mu ƙara da Zeus na kamfanin Discraft, wanda lambobinsa huɗu daidai suke da na Destroyer, mu ga ko tashinsu ɗaya ne. Ina roƙon duk mai wannan wasa a Kano ko a tudun Jos ya yi irin wannan awo a lokacin hunturu ya aiko muku, ku kuma ku daure ku buga mana.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Jidda, Saudiyya