Kun ga littafi a kanta, yaran Sara-Suka fa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan bani fili in amayar da abinda ke cina a rai. Ni mai saida littattafan addini ne a nan Jos, kusa da babban masallaci, na kusa shekara ashirin a wannan sana'a. Kwanaki wasu bayin Allah su uku suka zo shagona, wai akwai wani ɗan littafi da ake ta cece-kuce akansa, in sauke shi daga kanta ko su haɗa ni da hukuma. Na sauke, dan nima na karanta shi kuma gaskiya akwai maganganun da basu kwanta min ba, amma wallahi ko sati ba'a yi ba saiga wani ɗalibi yana nuna min shi a wayarsa, an tura masa ta WhatsApp, yaran da da ko sunansa basu sani ba yanzu sune suke nemansa ruwa a jallo.

Ai mun ga irin wannan. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano, daga baya marubutan suka koma intanet abinsu. Kodin ma gwamnati ta hana a 2018, to a zo lungunan Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos da daddare a ga ko an daina shaye-shaye. Lokacin da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, yake yaɗa aƙidarsa, marigayi Sheikh Ja'afar zama yayi ya warware maganar da hujja a kaset, har yau ana ji ana amfana. Littafin da yake da ɓata malamai ne maganinsa, su zauna su yi masa raddi da yaren da yaro zai gane.

Amma Edita ba wannan ne ya hanani barci ba. Akwai yaron maƙwabta, tun yana ɗan shekara bakwai yake zuwa wajena sayen Juz'u Amma, in kuɗinsa bai kai ba in ce tafi Allah ya maka albarka, yaro mai kai, ya haddace izu goma. Babansa ya rasa shago a gobarar kasuwar Terminus ta 2002 bai ƙara miƙewa ba har ya rasu, uwar awara take soyawa a ƙofar gida, kuɗin WAEC ya gagara, shikenan sai majalisa, sai ƙwaya, sai ƴan daban nan na Sara-Suka suka ja shi. Ranar da na ganshi da wuƙa a ƙugu ido jawur, ya sunkuyar da kai yace Baba ina wuni, kasa amsawa nayi. Ba littafi ne ya ɓata yaron nan ba, rabonsa da buɗe littafi ya fi shekara uku.

Mutum ukun da suka tako har shagona saboda takarda, ina roƙonsu su tako gidan uwar yaron nan ko sau ɗaya. Masallatanmu suna tara kuɗin tayil da fanka, a ware wani abu na jarabawa da koyon sana'a mana, ko kanikanci ko ɗinki ko gyaran waya a Ahmadu Bello Way. Yanzu haka yana gidan yari yana jiran shari'a akan ƙwacen waya, duk Asabar uwar take kai masa garin kwaki da ƙuli, ƙaninsa kuma bana zai shiga aji shida na sakandare, kuɗin jarabawarsa ni na ɗauka in Allah ya yarda.

Naku,
Wani mai saida littattafai, Jos