Kun Yanke Labarin Grootboom a Rabi

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na daren Asabar ya ɓata min rai, kuma gara in faɗa muku da in tsaya ina gunaguni a majalisa. Lauyan da kuka gayyato ya cinye kusan rabin lokacin yana koɗa kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu, har ya ce ta ba Irene Grootboom gida. Mai gabatarwa ya yi masa "Allah sarki", ya wuce tambaya ta gaba. To kotu ba ta ba ta gida ba. Baiwar Allah nan ta rasu a 2008, shekara takwas bayan hukuncin, tana cikin bukkarta a Wallacedene da ke gefen Cape Town. Duk wanda ya san shari'ar da wannan yake farawa, ku kuma shi kuka tsallake.

Mutum kusan 900 ne, har da ita Grootboom, fiye da rabinsu yara, aka kora daga filin wani a 1999, aka rushe musu bukkoki, suka koma filin wasa suna kwana ƙarƙashin leda. Da hukunci ya fito a Oktoban 2000, Mai shari'a Zak Yacoob cewa ya yi tsarin gidajen gwamnati ya saɓa wa sashe na 26 na kundin tsarin mulkinsu, domin an shirya ginin gidaje na shekaru masu zuwa amma an manta da wanda ba shi da wurin kwana yau. Bai ce kowa ya zo kotu ya karɓi mukulli ba. Gwamnati aka ce ta gyara tsarinta, ita kuma ta yi ta jan ƙafa, sai a 2004 ta fito da shirin matsugunin gaggawa.

Za ku ce mene ne nawa a ciki. Ni ɗan haya ne, tun da na yi aure nake biyan kuɗin ɗaki. Da daminar bara aka sayar da gidan da muke ciki. Sabon mai gida ko fuskarsa ba mu gani ba, ejan ya aiko da takarda, wai wata ɗaya mu kwashe. Muka roƙi a bari yara su gama zangon karatu. Amsar da muka samu kafinta ce. Da hantsi, maza duk sun fita nema, ya hau ya ɓalle kwanon ɗakin wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, don mu sauran mu ga aya. Daren nan aka kwana ruwa. Da safe ga katifarta jingine da bango tana tsiyaya, ga littattafan yara an shanya a kan tabarma shafi ya manne da shafi, ga garin tuwo ya zama kullu a cikin buhu. Ba sammaci, ba alƙali, ba kowa. Muka haɗa mata kuɗin amalanke, ta koma zauren gidan yayanta.

Matar nan tana jin shirinku. Ranar Lahadi ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Malam, wai da gaske a wata ƙasa alƙali yana ba mutum gida? Mu nan wace kotu ake zuwa?" Me kuke so in ce mata? Ku kuka sa mata rai, ni kuka bar wa aikin karya mata gwiwa.

Abin haushin ma, akwai abin da zai amfane ta a cikin wannan sashe na 26 ɗin, lauyanku bai ko taɓa shi ba. Sakin layi na uku ya ce ba a fitar da mutum daga inda yake zaune, ba a rushe masa muhalli, sai da umarnin kotu, kuma sai kotun ta duba halin da yake ciki. Nan ne gizo ke saƙa. A kan haka ne a 2011 kotun tsarin mulkin ta ce wa hukumar birnin Johannesburg, a shari'ar Blue Moonlight, dole ta nema wa mutum 86 wurin fakewa na wucin gadi kafin a fitar da su daga wani gini, duk da cewa ginin na kamfani ne, ba na gwamnati ba. Ɗan haya a Kaduna ko Kano wannan yake son ji, domin ba wanda yake mafarkin gidan kyauta. Abin da muke tsoro shi ne mu dawo daga aiki mu tarar da kayanmu a kwata.

Da aka zo kan Najeriya kuwa, sai lauyan ya wanke hannu, wai sashe na 16 na kundin tsarin mulkinmu ya ambaci muhalli amma sashe na 6(6)(c) ya hana a kai ƙara a kansa, shi ke nan magana ta ƙare. Gaskiya ne ya hana. Amma a 2017 babbar kotun jihar Legas ta yanke cewa korar mazauna bakin ruwa irin su Otodo Gbame ba tare da sanarwa ko wani matsuguni ba cin mutuncin ɗan Adam ne, kuma ya saɓa wa tsarin mulki. Tun 1986 ma Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin sojan Legas kan fitar da Ojukwu daga gida da ƙarfin tsiya alhali magana tana gaban alƙali. In gwamnan soja bai isa ya ɗauki doka a hannunsa ba, ina ga ejan da kafinta? Lauya ya zauna awa guda a gaban makirufo bai gaya wa talaka cewa cire masa rufi laifi ne ba, to me ya zo yi?

Ina so ku dawo da shi, ko ku nemo wani, a gyara maganar Grootboom a fili kamar yadda aka faɗe ta a fili. Sannan a yi mana bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane: notis na wata nawa doka ta ce a ba mai biyan shekara, wace kotu ake kai ƙarar mai gida, nawa ake kashewa.

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da batun layin wayarku. Kullum mutanen nan ne dai suke samun shiga, su ɓata minti uku suna gaida surukai da 'yan majalisarsu, a ce lokaci ya ƙure. Mu da muke da tambaya katinmu ne kawai yake ƙonewa. Ku ware musu shirin gaishe-gaishe su ƙarata can.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Kaduna