Ba turke ne ya kashe Dirakula ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Asabar maganar baƙon nan da kuka kawo a shirinku take cina. Wai turken itace aka kafa wa Dirakula, dodon nan mai shan jinin mutane na labarin Turawa, a ƙirji ya mutu. Wallahi a fim ya gani! Da ya buɗe littafin da Bram Stoker ya fitar a 1897, da ya ga Lucy, budurwar da Dirakula ya mayar mai shan jini, aka kafa wa turke. Shi kuwa gogan, wuƙaƙe biyu suka gama da shi: Jonathan Harker ya tsarge masa maƙogwaro da wuƙar kukri, Quincey Morris Ba'amurke ya luma masa wuƙar Bowie a zuciya, nan take ya zama ƙura. Tun a gidan Piccadilly a Landan ma Harker ya kai masa sara da kukrin, rigar Dirakula ta yage, takardun kuɗi da zinariya suka zube.

Abin da ya fi ƙona min rai, da wata baiwar Allah ta bugo waya tana tambayar mece ce kukri, sai ya ce mata irin lauje ce. Lauje fa! Ni a gidan da ake ajiye da kukri na tashi. Kakana ya yi yaƙin Bama, can ya samo ta wurin sojojin Gurka, mutanen Nepal. Ƙarfe ne mai kauri, ya sunkuya gaba, nauyinsa duk yana wajen baki, shi ya sa saranta kamar na gatari. Akwai ɗan tsagi kusa da ƙota, a kubenta kuma ƙananan wuƙaƙe biyu, ɗaya ta yanka ɗaya ta gyara kaifi. Duk Babbar Salla da ita tsoho yake fasa ƙashin rago, ba ya sara sau biyu. Ina ɗan shekara tara na zare ta a ɓoye, ga tabon nan a babban yatsana har yau, bulalar da na sha kuwa ba a magana. Wannan ce za a ce da ita ake yankan ciyawar akuya?

Wanda bai karanta littafi ba, don Allah ku daina ɗora shi a kujerar masana. Ina jiran gyara a shiri na gaba.

Sannan tallar maganin basir ɗin nan da kuke sakowa ana tsakiyar labari, sau huɗu na ƙirga ranar Asabar. Ku bar ta sai an gama mana.

Naku mai sauraro,
daga Gusau